Fankar caja na ta kuka, batir ba ya cika: gyara za ka yi ko sabo za ka saya?

A bazarar da ta wuce wani maƙwabcina a unguwar Mabera da ke Sakkwato ya kusa zubar da kuɗinsa a banza. Yana da bas ƙirar Hiace da ya cire wa kujerun baya, ya sa ƙaramin firiji da fanka da fitilu da tabarma, yana bin kasuwannin Illela da Achida da ita, inda dare ya yi masa nan yake kwana. Abin da ke cajin batirin kayan nan wani akwati ne da ya saya kwatano, irin wanda ake cirowa daga motocin zango na Turawa, waɗanda ake tafiya ana kwana a ciki, sunansa konbata: ya karɓi wutar gari ko ta janareta, ya mayar da ita bolt 12, ya kunna kayan cikin mota kuma ya cika batir. Sai fankar cikin akwatin ta fara gudu ba dare ba rana, batir kuma ba ya kai asuba. Ya riga ya yanke cewa akwatin ya mutu, har ya fara tambayar farashin sabo. Da riwaya ya zo, mai wayarin mota ke nan, ya cire kan batir ya bar shi ya huta, ya ɗora mita, sai ya ga bolt 10.6. Ya ce da shi: "Ba hwanka ta ba, Alhaji, batir na." Ɗaki ɗaya cikin ɗakuna shida na batirin ya haɗe, caja na ta ɗura wuta a abin da ba zai taɓa cika ba, ta yi zafi, fanka kuwa aikinta take yi. An bar jaki ana dukan taiki.

Na fara da wannan ne domin duk kwatancen da zai biyo baya ba shi da amfani ga wanda bai auna ba. Kuma abin da zan faɗa ya shafi mai inbata a gida ko a shago, don cajar da ke cikin inbata da fankarta haka suke aiki.

Awo uku kafin ka fito da kuɗi

Mitar awon wuta ta hannu ba ta da tsada, kowane mai gyaran rediyo yana da ita. Cire batir daga komai, ka bar shi na awa uku zuwa huɗu, sannan ka auna. Batirin dalma mai bolt 12 da ya cika zai nuna 12.6 zuwa 12.7. Idan 12.2 ne, rabi ya rage. Idan an yi masa caji dare guda amma ya sauko kusa da 10.5, ɗaki ya mutu, kuma babu cajar da za ta tashe shi. Irin wannan batir yakan yi zafi a gefe ɗaya, wani lokaci har da warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Awo na biyu: mayar da batir, kunna caja, ka auna a bakin caja sannan a kan batir. Ya kamata ka ga tsakanin 13.2 da 14.4. Idan bakin caja na nuna 13.6 amma kan batir bai motsa daga 12.2 ba, wuta ba ta isa: duba fis, duba ƙaramin makatsin da ake sa wa kusa da batir, duba kan batir ko ya yi farin gishiri. Konbata na motocin zango suna da fis na musamman, galibi na amfiya 30 ko 40, da ke ƙonewa idan an juya waya an sa ja a wurin baƙi. Wanda ya taɓa canza batir da daddare da fitilar waya ya san yadda hakan ke faruwa. Fis ɗin na ƙonewa, fitilun mota na ci gaba da ci matuƙar akwai wutar gari, kai kana zaton lafiya, batir kuwa ba ya samun ko ɗigo. Idan kuma bambancin kusan bolt ɗaya ne, 14.4 a can 13.5 a nan, waya ce ta yi siriri ko ta yi tsawo, ko kuma irin wayar nan ce ta alminiyam da aka shafa wa launin jan ƙarfe.

Awo na uku na fanka ne. Rashin juyawarta ba koyaushe ne lalacewa ba, domin yawancinsu sai akwatin ya ɗumama ko kaya sun yi yawa suke tashi. Kunna duk fitilu da firiji ka jira minti goma. Idan akwatin ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu amma shiru, zare wuta, cire fankar, ka ba ta bolt 12 kai tsaye daga batir. Ta juya, matsalar na ga abin da ke ba ta umarni a kan allon wutar da ke cikin akwatin. Ba ta juya ba, ko tana gurnani sai an tura ta da yatsa, ita ce ta gaji.

Abin da za ka auna zaɓin da shi

Kuɗi na farko, amma har da kuɗin da za ka sake kashewa bayan shekara. Sai ƙarko a yanayin Sakkwato, wanda ya bambanta da na inda aka ƙera kayan nan: daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa, sannan daga Nuwamba ƙurar hunturu ta shiga duk ramin da ta samu. Konbata mai amfiya 55 da ke cikakken aiki yana zubar da zafin da ya haura wat 100 a cikin akwatin da bai kai kwalin taliya ba, fankar nan ce kaɗai ke fitar da shi. Na uku sauƙin haɗawa da samun mai gyara a gari. Na huɗu haɗari, ga kaya da kuma ga mai kwana kusa da su. Na biyar, wanda mutane suka fi mantawa, dacewar cajar da irin batirinka. Batir ya fi caja tsada, don haka cajar da ke cinye batir a hankali ita ce mafi tsada ko da kyauta aka ba ka.

Canza fanka kawai

Idan awo ya nuna batir lafiya, caja na ba da wuta daidai, fanka ce kaɗai ta tsaya, to kada ka wuce nan. Kuɗinta bai kai na shan mai sau ɗaya ba. Fankokin nan iri ɗaya ne da na cikin kwamfuta, masu faɗin milimita 60, 80, 92 ko 120, har ta tsohon akwatin wutar kwamfuta takan shiga. Karanta takardar da ke manne a bayanta: bolt nawa, amfiya nawa, waya biyu ce ko uku. Wasu inbatoci fankar bolt 24 gare su, ka sa ta 12 ta ƙone cikin kwana biyu. Akwai kibiya a gefe da ke nuna inda iska ke bi, a mayar da ita yadda ta tarar. Idan ka samu mai boris na ƙwallo, ɗauke ta ko da ta ɗan fi tsada, domin mai zoben mai, man nata kan bushe da wuri a zafin nan, ƙura ta haɗu da shi ta zama laka.

Wasu masu gyara sukan tsallake allon su ɗaure fankar kai tsaye don ta riƙa juyawa kullum. A ganina a Sakkwato wannan ba laifi ba ne, muddin an ɗaure ta ta yadda sai akwai wutar gari za ta tashi. Idan daga batir take sha, fanka mai amfiya 0.2 za ta cinye kusan 5Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) kowace rana ko motar na ajiye, kuma tana jawo ƙura fiye da da. Haɗarin aikin ɗaya ne: manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta bayan an zare soket, a jira, kada a shiga da sukudireba nan take. Sannan a sani, idan akwatin ya daɗe yana aiki ba fanka, zafi ya riga ya ci kafasitocin. Duba kawunansu, idan sun kumbura, sabuwar fanka kwana kawai za ta ƙara masa.

Sake sayen konbata irin na da

Abin da ke jan mutum nan shi ne sauƙi: ka cire tsoho ka sa sabo a gurbinsa, wayoyi na nan yadda suke. Masu kyau daga cikinsu, irin na WFCO da Progressive Dynamics, suna caji mataki uku: 14.4 idan batir ya yi ƙasa, 13.6 a aikin yau da kullum, 13.2 idan an ajiye. Amma akwai tarko. Waɗanda aka ƙera don Amurka wutar bolt 120 suke ci, tamu kuwa 230 ce. Ka soka shi a bango kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Dole sai da taransifoma mai sauke wuta, kuma ga mai amfiya 55 ana maganar wat 1,000 zuwa sama, wani nauyi da wani zafi a cikin motar da dama ta cika. Na motocin Turai, irin na Jamus da Faransa, su 230 ne, ba su da wannan matsala. Karanta takardar jikinsa da idonka kafin ka biya, kada ka dogara da "ai yana yi".

Matsala ta biyu: da yawansu sukan zauna a 13.6, musamman idan wayar zuwa batir doguwa ce. A wannan awon batirin da ya yi rabi zai cika, amma sai ya yi kwanaki a jone. Ga Bature da ke ajiye motarsa a sansani mai wuta dare da rana ba komai. Ga wanda ke samun wuta awa huɗu ko biyar, ko yake ƙona fetur a janareta don caji, batirin ba zai taɓa cika ba, kuma batirin dalma da ke kwana rabi-rabi farantansa kan daskare, ƙarfinsa ya riƙa raguwa wata bayan wata. Ga shi kuma kwatano ba shi da garanti, kayan gyaransa sai an yi sa'a. Wannan shi ne zaɓin da na fi jinkirin ba da shawararsa.

Caja mai hankali, daban da komai

Nan ka bar tsohon akwatin yana rarraba wuta ga fitilu, ko ka cire shi gaba ɗaya, ka sayi caja ta 230 da aka yi ta don batir kaɗai. Amfaninta shi ne kai ke gaya mata irin batirin: na ruwa, busasshe irin jel ko AGM, ko litiyam, ita kuma ta riƙe 14.4 ko abin da ya dace har sai ya ƙoshi sannan ta sauko. Girman da za ka nema kusan kashi goma cikin ɗari ne na girman batir: 200Ah na son amfiya 20. Idan ka sha rabinsa, wato 100Ah, lissafa awa biyar na ɗura da wasu biyu zuwa uku na ƙarasawa.

Abin da ya fi burge ni a wannan rukuni shi ne masu ɗan wayar jin zafi da ake mannawa a jikin batir. Awon 14.4 an tsara shi ne a kan digiri 25. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru ya kamata a rage kaɗan, ta yadda batirin da ke digiri 40 zai so ƙasa da haka da kusan 0.4. Cajar da ba ta san wannan ba tana tafasa batir duk tsawon bazara, ruwa ya riƙa ƙafewa, kai kana ta ƙari kana mamaki. Dama masu ƙera batir sun ce duk ƙarin digiri 10 a kan 25 na rage kwanan batirin dalma da kusan rabi. Ba sai an haɗa masa da wuce gona da iri a caji ba. Akwai kuma waɗanda aka rufe ruf ba su da fanka sam, jikinsu na alminiyam ne ke fitar da zafi. Ƙura ba ta da hanyar shiga, sai dai idan rana ta take sukan rage ƙarfin caji da kansu, don haka a kafa su inda iska ke ratsawa.

Haɗarin nan na kasuwa ne. Akwai ƙananan cajoji marasa nauyi da aka rubuta musu amfiya 30 alhali ba sa kai rabi, akwai kuma tsohuwar cajar 'yan cajin batir mai taransifoma, wadda ba ta san tsayawa ba sai ka zare ta. Ta biyun na da ƙarko kamar jaki, amma ka manta da ita dare ɗaya ta dafa maka batir. Ka ce mai shago ya jona ta a gabanka da mita. Araha ba ta ado.

Inbata mai caja a ciki

Idan dama kana bukatar wutar 230 a cikin motar, don firiji irin na gida ko cajin wayoyin mutane ko lasifika, wannan ya haɗa maka biyu a ɗaya, kuma shi ne masu gyaran garin nan suka fi sani ciki da waje. Kuɗinsa ya fi na caja zalla. Yana da fanka shi ma, wani lokaci biyu, don haka ba ka rabu da ƙura ba. Yana shan batir ko ba abin da ke jone matuƙar yana kunne. Kuma ranar da ya lalace ka rasa caji ka rasa wuta lokaci guda, kana Tangaza da firiji cike da kaya. Masu nauyin nan na taransifoma sun fi jure zafi da wulaƙanci. Marasa nauyi sun fi sauƙin ɗauka kuma sun fi yawan saiti. Ko wanne ka ɗauka, a shiga saitinsa a zaɓi irin batir da yawan amfiya, don yawanci yadda ya fito daga kwali ake barinsa.

Sola a kan rufi

Wannan ba ya maye gurbin caja, yana dai rage dogaro da ita, kuma rana ba abin da Sakkwato ta rasa ba ce. Faifan wat 300 a yini mai kyau zai iya mayar maka da abin da ya kusa 90 zuwa 100Ah, bayan an cire asarar zafi da waya. Faifan kansa ba ya son zafi, yakan rasa kusan kashi 15 cikin ɗari idan ya gasu da tsakar rana, don haka a bar tazara tsakaninsa da rufin mota, a kuma goge shi kullum lokacin hunturu.

Wurin da ake tafka asara shi ne kontirola, akwatin da ke daidaita caji tsakanin faifai da batir. Manyan faya-fayan nan suna fitar da bolt 30 da wani abu. Ka haɗa irinsu da kontirola mai araha ta PWM a kan batirin 12, abin da zai shiga amfiya 8 ne ko 9, sama da rabin kuɗin faifanka ya tafi a iska. Ɗaya irin kontirolar, MPPT, za ta mayar da rarar ta zama caji, ka ga 18 zuwa 20. Ta fi tsada, kuma akwai na jabu da aka rubuta wa MPPT a goshi. Ta gaskiya tana da nauyi saboda naɗin wayar da ke cikinta. A wajen haɗawa, batir ake fara jonawa kafin faifai.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko a zafi da ƙura | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Canza fanka | Mafi ƙanƙanta | Gwargwadon lafiyar akwatin | Aikin awa ɗaya | A bar ainihin cutar |
| Konbata kwatano | Matsakaici, da ƙarin taransifoma | Sai an gwada | Shiga gurbi kai tsaye | Bolt 120, batir ba ya cika |
| Caja mai hankali | Matsakaici | Mai kyau, musamman marar fanka | Waya biyu da fis | Jabu a kasuwa |
| Inbata mai caja | Babba | Matsakaici | Masu gyara sun san shi | Ya mutu, komai ya tsaya |
| Sola da MPPT | Mafi girma da farko | Mai kyau sosai | Sai gwani | Kontirolar jabu |

Ban sa farashi a naira ba domin kayan nan da dala suke tafiya, abin da aka gaya maka yau a Babbar Kasuwa ba shi za ka tarar bayan Sallah ba. Jerin wanne ya fi wanne tsada shi ne ba ya canzawa.

Idan batirin ne ya mutu

To zaɓin caja ya dogara da wanda za ka saya. Batirin ruwa mai dogon jiki, tubula, shi ya fi jure zafi a cikin 'yan dalma saboda ana iya mayar masa da ruwan da ya ƙafe, tataccen ruwan batir ba asid ba, ba kuma na leda ba. Amma yana da nauyi, yana iya fantsama a hanya mai gargada, kuma yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta lokacin caji. Ba a kwana da shi a rufaffiyar mota sai an yi masa akwati mai bututu zuwa waje, ba a kuma ajiye caja a akwati ɗaya da shi. Busasshen batir, jel ko AGM, ya fi dacewa da cikin mota, sai dai idan caja ta tafasa shi sau kaɗan shi ke nan, ba ƙofar ƙara ruwa. Shi ya fi kowa bukatar caja mai jin zafi. Litiyam na LiFePO4 ba shi da nauyi, ana shan kashi 80 zuwa 90 na cikinsa, ba ya damuwa da kwana rabi, amma kuɗin farko babba ne, yana son cajar da ta san shi, kuma ba a son yi masa caji idan jikinsa ya haura digiri 45, abin da motar da aka rufe a rana za ta kai cikin sauƙi. Kada kuma a haɗa shi kai tsaye da altanetar mota. Yana jan wuta ba ƙaƙƙautawa har ya ƙona ta, sai da cajar tsakani da aka yi don haka.

Wanda motarsa ke kwana a gida kusa da soket, fita sai jefi-jefi, kuma awo ya wanke batirinsa, ya canza fanka, ya busa ƙura duk ƙarshen hunturu, ya riƙe kuɗinsa. Wanda ke caji da janareta ko da wutar 'yan awoyi, caja mai hankali ce tasa, mai wayar jin zafi idan ta samu. Mai firijin gida da sana'ar cajin waya ya ɗauki inbata mai caja, ya ajiye fanka ɗaya ta ko-ta-kwana a aljihun mota. Mai bin kasuwannin ƙauye kwana uku huɗu ba ya ganin soket, sola da MPPT, da ƙaramar caja don ranar da ya dawo gida ko lokacin da hazo ya rufe rana. Konbata kwatano kuwa sai ga wanda ya samu na 230, aka gwada masa da kaya a gabansa har fankar ta tashi ta kuma tsaya da kanta. Maƙwabcin nawa AGM ya saya da caja ta amfiya 20, tsohon akwatin kuma yana nan a ƙarƙashin kujera yana rarraba wuta ga fitilu, da fankarsa ta asali.